Jakin Mai Burodi

Litinin, ƙarfe sha ɗaya na safe

An ba ni gadon jikin taga, wanda ƙafarsa ɗaya ta gaza sauran har aka cusa mata kwali. Likita ya ce in kwanta, kwanciya ta gaskiya, ba irin tawa ta gida ba da nake tashi in leƙa tukunya in dawo in ce na huta. Ya ce cikin nan yana bukatar ya kai ƙarshen wata a inda yake. In ya kai, sauran da sauƙi. Bai faɗi abin da zai faru in bai kai ba, ni ma ban tambaya ba, don na riga na ga amsar har sau biyu.

Maigida ya tafi ya dawo da bokiti da filas da zannuwa, da wani littafi mai kaurin bulo. Wai ya je wurin mai tsofaffin littattafai na bakin tasha ya ce a ba shi wanda ya fi nauyi, tunda kwanciyar doguwa ce. Shi maigidan nawa da ya yi shekara da shekaru yana gyaran firiji, komai da nauyi yake gane kyansa. Bangon littafin ya ji jiki, amma ana iya ganin wata gada da ba a gama ginawa ba, da wata mata riƙe da kyandir.

Talata, da yamma

Mu uku ne a ɗakin. Gadon tsakiya na Mai Kifi ne, babbar mace mai babbar murya, cikinta na shida, jininta ya hau aka kwantar da ita, kuma har yanzu daga kan gadon take sayar da kifinta ta waya. Na bakin ƙofa na wata yarinya ne da muke kira Ƙarama, cikin fari, tagwaye kuma, idonta kullum a kan ƙofa. Sai Sista mai kula da mu, wadda tun jiya ban ga haƙorinta ba.

Na buɗe littafin don kawai in daina kallon silin. Da na ɗago kai rana ta yi sanyi, shayina ma haka.

Laraba, ƙarfe goma na safe

Labarin wani gari ne na zamanin da, ɗaruruwan shekaru baya, mai ganuwa da ƙofofin da ake rufewa da faɗuwar rana. Babu agogo, sai ƙararrawa. Babu fitila, sai kyandir, na kitse mai wari ga talaka, na kakin zuma ga masu hali. Mai garin ya sa a gina gada a kan kogi, sai wata safiya aka tsinci gawar babban magini a ƙarƙashinta, tufafinsa sharkaf da ruwa, takalmansa kuwa a bushe.

Abin da ya kama ni shi ne mai binciken. Na zata wani saurayi za a kawo mai doki da takobi. Ashe wata bazawara ce mai sayar da kyandir, ta haura hamsin, ƙugunta na ciwo in za a yi ruwa, kuma ba ta wasa da cikinta. Ko karatu ba ta iya ba. Abin da ta sani shi ne, duk gidan da ya fara sayen kyandir fiye da yadda ya saba, to akwai wanda ya daina barci a cikinsa. Da wannan kaɗai take bin garin gida-gida.

Akwai inda wakilin mai gari ya zo yi mata barazana. Ta bar shi ya gama tsaf, sannan ta gaya masa gashin tsuntsun da ke hularsa na ci da wuta tun ɗazu. Na yi dariya har gadon ya yi ta rawa a kan kwalinsa. Mai Kifi ta ce rashin tarbiyya ne mutum ya cinye dariya shi kaɗai a gaban jama'a. Na ce ai littafin ba da harshenmu aka rubuta shi ba. Ta ce ba malamar makaranta ba ce ni? In karanta da ido in faɗa da baki. Haka muka fara.

Juma'a, bayan zagayen likita

Marubucin nan yana da lalura. In ya ci karo da bango sai ya tsaya ya yi ta kwatanta duwatsunsa shafi bayan shafi, ni kuwa tsallakewa nake yi. Ruwan sama ma ba ya ɗaukewa a garinsa. Amma ya iya sanyi, wannan ban hana shi ba. Yana bayanin yadda mata ke fasa ƙanƙara a bakin kogi kafin su yi wanki, sai ga ni ina jan zani a ƙarƙashin fanka.

Yanzu ana zargin mutum uku: mai fito, wanda gadar za ta kashe wa sana'a, da mataimakin magini, da wakilin nan mai hula. Ƙarama ta ce mai fito ba zai aikata ba, tunda an ce yana da dogon gashi da taushin murya. Mai Kifi ta ce ai irinsu ne ma. Ita a kan wakili ta kafe, wai ta san irinsa a kasuwa, masu taɓa kifi da yatsa ɗaya suna yatsina fuska. Ta ƙara da cewa marubucin bai taɓa riƙe kifi ba a rayuwarsa, tunda ya sa matar mai fito ta yi shanya ranar da ake ruwa.

Ni nawa shi ne mai burodi. Ba ya cikin waɗanda ake zargi. Dattijo ne mai shiru-shiru, kullum da sassafe yakan ajiye wa mai kyandir burodi mai zafi a kan tagarta ya wuce. Duk sanda ya fito a shafi sai in ji raina ya kwanta.

Da na rufe littafin Ƙarama ta hau roƙo in ƙara. Mai Kifi ta ɗaga hannu kamar alƙali ta ce, "Ku ji doka. Babu mai haihuwa a ɗakin nan sai mun ji wanda ya kashe magini." Muka yi ta dariya har Sista ta ce nan ba kasuwa ba ce. Amma na lura ta daɗe tana jera 'yan kwalaben maganin da ke kan kekenta, ta jera ta sake jerawa, ba ta fita ba sai da aka daina maganar littafi.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Yau mun zarce, ba mu tsaya ba sai da muryata ta dushe. An kama mataimakin magini, an sake shi. Mai kyandir ta ci wani naman agwagwa da marubucin ya kwatanta har Mai Kifi ta ture farantin asibiti ta ce an zalunce mu.

Maigida ya zo da lemo, ya zauna a bakin gado, ya saurari rabin shafi ya ce matar maginin ce ta kashe shi, kullum matar ce. Muka ce maginin ba shi da mata. Ya ce to shi ya sa ya daɗe a duniya kafin a kai ga kashe shi. Mai Kifi ta jefe shi da ɓawon lemo. Rabon da in yi dariya irin ta yau na manta.

Lahadi, da asuba

Na ga jini, an kira Likita. An canja zanin gado. Sun ce ba komai.

Lahadi, da rana

Ba a yi karatu ba.

Litinin, ƙarfe tara na safe

Sista ta ɗora min na'urar awo a ciki muka ji bugun zuciyar jaririn, da sauri-sauri, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa yana gaggawa. Ta ce lafiya lau. Ta gyara min matashi, abin da ba ta taɓa yi ba.

Bayan ta fita na ɗauki littafin na duba abin da ya rage. Bai kai kaurin ɗan yatsana ba. Ƙarshen wata kuwa da nisa. Na san dokar Mai Kifi wasa ce, kuma ni ce ke koya wa yara cewa tsawa ba fushin kowa ba ne. Duk da haka abin ya zauna min a rai, ina ji kamar ranar da labarin ya ƙare ranar ce riƙon cikin nan zai ƙare. Tsoro nake ji, gara in rubuta shi yadda yake.

Talata, da hantsi

Na koma ina karanta duk bangwayen da nake tsallakewa, dutse bayan dutse. Mai Kifi ta yi barci baki buɗe. Ƙarama ta ce, "Anti, yau labarin ba ya tafiya." Kuma duk da haka shafukan sun ragu.

Laraba, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na yi wani abu yau.

Akwai layi ɗaya da ya ce mai burodi ya ɗauko buhun fulawa daga injin niƙa na bakin kogi. Sai na ji bakina ya ce ya ɗora buhun a kan jakinsa. Babu jaki a littafin. Amma da na faɗa sai na gan shi sarai, tsoho, kunnensa ɗaya a yage, ba ya tafiya sai an ba shi ɓawon burodi, kuma in ya hango wakilin mai gari sai ya juya masa baya. Na riƙe littafin a gabana ina motsa ido kamar mai karatu, na yi ta zuba. Muka kai lokacin abincin rana shafi ɗaya kawai na ci.

Mai Kifi ta ce sai yau marubucin ya yi hankali.

Juma'a, da yamma

Jakin ya cinye ɗakin. Jiya ya shiga kasuwar garin ya ci kabejin wata mata, aka kai shi gaban alƙali. Yau ya ƙi taka gadar, an ja an tura ya ƙi, Ƙarama ta ce wallahi jakin ya san wani abu. Ko Sista da take auna mana jini ta tambaya, ba tare da ta kalli kowa ba, ko an gyara masa kunnen.

Ina sa ɗan labarin gaskiya kaɗan a tsakani, kamar gishiri, don kada a manta an kashe mutum. Mai kyandir ta gano toka a cikin ɗinkin takalman maginin. Ban san me hakan ke nufi ba, kowane gida a garin yana da murhu. Ban kuma leƙa ƙarshen littafin ba. Ban taɓa yi wa littafi haka ba, balle wannan.

Lahadi, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Maigida ya zauna ya ji yadda jaki ya faɗa ramin farar ƙasa ya fito fari fat, mutanen gari suka watse suna cewa fatalwa. Ya yi dariya tare da kowa. Da sauran suka shiga hirarsu sai ya sunkuyo ya ce a hankali, "Malama, shafin nan naki ba ya ƙarewa. Tun da na zauna ba ki juya ba."

Na ce rubutun ne ƙanana.

Ya dube ni, ya dubi ɗan abin da ya rage na littafin. Ya ce ko ya je bakin tasha ya ƙaro wani? Na ce ba ɗaya ba ne. Sai ya kama ƙafata da ta kumbura yana matsawa har aka kaɗa ƙararrawar tashin masu ziyara. Ina son mutumin nan.

Talata, bayan zagayen likita

Ƙarama ce ta jawo. Ta ce tunda an tambayi kowa inda yake a daren da aka kashe magini, shi mai burodi ina yake? Raina ya ɗan ɓaci, kamar an taɓa min kawu. Na juya shafi na ce ga shi nan ma an faɗa: a daren jakin ya yi ciwon ciki, mai burodi ya kwana a kansa yana ba shi ruwan ɗumi, kuma mai kyandir da kanta ce ta riƙe musu haske har ƙararrawar safe. Mai Kifi ta ce dama ita ba ta taɓa zarginsa ba, mai kula da dabba haka ba ya kisa.

Na ji daɗin kaina ƙwarai. Na wanke bawan Allah, na kuma ci kwana guda.

Alhamis, da rana

Bayana na ciwo tun safe, wani iri. Ban gaya wa Sista ba sai da ta gani a fuskata. Jakin ya yi aure yau.

Asabar, da safe

Saura kaɗan, littafin da watan duka.

Litinin, ƙarfe takwas na safe

Likita ya daɗe yana kallon takardar awo. Ya ce kada in ci komai, a kira maigida. Na ce ai watan bai ƙare ba. Ya ce ya sani.

Na ba Ƙarama ajiyar littafin.

Alhamis, da hantsi

Mace ce.

An sa min barci aka ciro ta, ban ga komai ba, ban ji komai ba. Tana ɗakin jarirai a cikin kwalba, da 'yar roba a hanci. Ni ina wani ɗaki a ƙarshen baranda, ba a bar ni na sauka ba tukuna. Maigida ya nuna min hotonta a waya, duk tsawonta bai wuce hannunsa daga gwiwa zuwa yatsu ba. Likita ya ce kwanakin da muka ƙara sun yi aiki, a jira a gani. Kowa cewa yake a jira a gani.

Juma'a, ƙarfe uku na rana

Ina kwance ina kallon bango sai na ji ƙarar ƙarfe a baranda. Mai Kifi ce, tana jan sandar ƙarin ruwanta, Sista na biye da ita da littafin a hammata. Ko sannu ba ta gama yi min ba ta ce, "Malama, ina jakin?"

Ashe da aka fita da ni Ƙarama ta yi ta kuka, Sista ta rasa yadda za ta yi da ita, sai ta zauna a gadona ta karanta musu sauran. Mai burodi ne ya kashe magini. Ɗan mai burodin ne ya faɗo daga saman gadar a bara saboda maginin ya yi aiki da ruɓaɓɓen katako, kuma ko gaisuwa bai je ba. A daren, ruwan sama ya sa maginin ya fake a gidan burodi, ya cire takalmansa ya jera a bakin tanda su bushe. Bayan an jefa shi kogi ne mai burodi ya ga takalman, ya bi shi bakin ruwa ya sa masa. Tokar ke nan. Shi kuwa kyandir bai taɓa ƙara saye ba, tunda mai burodi dama ba ya barcin dare, shi ya sa bazawarar ta daɗe ba ta gano shi ba.

Mai Kifi ta ce suna jin haka suka ce ƙarya ne, mutumin da ya kwana a kan jaki, ga shaida mai kyandir da kanta. Sista ta ce ita ma ta ce ai kuwa haka ne, ta koma baya neman wurin. Ta bi littafin tun daga bangon farko har na ƙarshe, a lokacin hutunta, ba ta ga ko kofaton jaki ba.

Na rufe fuska da zani. Dariya na zuwa, ɗinkin na ja, ina roƙonsu su bari. Sista ta yi dariya har ta dafa gado, ashe tana da wushirya.

Da muka lafa Mai Kifi ta tambaye ni me ya kai ni. Na ce dokarta ce. Ta zauna a bakin gadon, ta ce da ta sani da ta ce sai jakin ya mutu da tsufa. Sannan ta ce ita da Ƙarama sun yanke hukunci, marubucin ne ya yi kuskure, mai burodi na wurin jakinsa. Ƙarama kuma ta aiko a gaya min ita da sauranta kafin ta haihu, in na fara takawa in zo in ci gaba daga inda aka tsaya.

Da suka tafi na karanta babin ƙarshe da kaina. Mai kyandir ba ta kai shi gaban mai gari da hannunta ba. Ta je ta zauna da shi a bakin tanda har ya gama gasa burodin safe, sannan ya wanke hannu ya tafi da ƙafarsa. Littafi ne mai kyau, duk da bangwayensa. Ban ji haushin mai burodi ba, na dai yi masa kuka.

Lahadi, ƙarfe goma na safe

Sista ta tura ni a keke zuwa ɗakin jarirai. An cire wa 'yata robar tun jiya, da kanta take numfashi. Likita ya ce ta tsallake, da bakinsa ya faɗa, maigida na tsaye ya ji.

Aka buɗe kwalbar aka ɗora min ita a ƙirji. Ba nauyi ko kaɗan, sai ɗumi. Ta yamutsa fuska, ta dunƙule hannu, ta buɗe baki ta saki kuka, siriri amma da fushi, har jaririn kusa da ita ya motsa. Sista ta ce in yi maza in ba ta nono ta yi shiru kada ta tashi sauran.

Na ce, "Sista, bar ni in ɗan ƙara ji. Ban taɓa jin kukan abin da na haifa ba."

Ta dube ni, ta ja labule a kanmu, ta tsaya daga waje. 'Yata ta ci gaba da kukanta.